Ina ya kamata a ɗaure bel ɗin kafaɗa na tsere a motar Cobra ta kwaikwayo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Na sayi motar kwaikwayon Cobra, wato mai kama da tsohuwar motar gudu ta Cobra, wadda wani ya harhaɗa da hannunsa, jikinta faiba ne kuma ba ta da rufi. Na tarar da bel ɗin tsere mai maɗauri huɗu a kowace kujera, maɗauran kafaɗa biyun sun haura ta bayan kujera sun gangara, an ɗaure su da noti a daɓen motar. Bakaniken da ya duba min ya ce can ne ƙarfe ya fi ƙwari, in kwantar da hankalina. Daga baya wani ya ce min irin wannan ɗaurin yana karya ƙashin baya, kuma tun ranar ban samu sukuni ba, domin ɗana ma yana tuƙa ta. Wane ne ke da gaskiya a cikinsu, kuma yaya zan gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya tayar maka da hankali shi ne ya faɗa maka gaskiya, kuma ina roƙonka ka karɓe makullin motar daga hannun yaron har sai an sāke aikin.

Bakaniken naka bai yi ƙarya ba da ya ce ƙarfen ƙasa yana da ƙwari, sai dai tambayar da ya amsa daban ce da wadda ya kamata ya yi wa kansa. Shi yana tunanin kada noti ya fita, ni kuwa ina tunanin abin da zai sami mutumin da ke tsakanin notin da sitiyari. Wannan kuskuren na fi cin karo da shi fiye da kowane a motocin kwaikwayo, Cobra ce, ko Lotus Seven, ko Porsche 550, kuma dalilinsa ɗaya ne: waɗannan motoci an zana asalinsu ne a shekarun 1950 da 1960, kujerunsu gajeru ne, abin da ke bayan direba kuma bango ne na faiba ko na alminiyom marar kauri. Mai haɗa motar ya duba bayan kafaɗa bai ga inda zai huda ba, sai ya sunkuya ya nemi ƙarfe a ƙasa, ya ɗaure, ya ja da hannu ya ji gam, ya ce aiki ya yi.

Ga abin da hannunsa bai gaya masa ba. Idan mota ta yi karo ta gaba, ƙirjin direba yana ci gaba da tafiya, maɗaurin kafaɗa kuma ya miƙe ya ja ta inda aka ɗaure shi. In an ɗaure shi daidai bayan kafaɗa, jan baya yake yi, ya tsayar da ƙirji, wanda shi ne aikinsa. In kuwa a ƙasa aka ɗaure shi, kafaɗar mutum ta zama kamar gwafar rijiya da igiyar guga ta hau kanta: maɗaurin yana ja ƙasa ta gaba, yana ja ƙasa ta baya, nauyin duka ya sauka a kan ƙashin baya a daidai lokacin da ƙashin ya lanƙwasa gaba, wato lokacin da ya fi rauni. Lissafin ba mai wuya ba ne. Maɗaurin da ya gangara da digiri 10 daga kafaɗa, kusan kashi 17 cikin 100 na jan da ke cikinsa ne yake danna mutum ƙasa. Wanda ya gangara da digiri 60, kashi 87 ne. Naka da ya bi bayan kujera ya sauka kusan a tsaye, kusan dukkan ƙarfinsa danna kafaɗa yake yi. Sakamakon shi ne gaɓoɓin ƙashin baya su murƙushe, idan kuma lakar da ke cikin ƙashin baya ta taɓu, mutum ya fito daga hatsarin da fuskarsa lafiya ƙalau amma ƙafafunsa sun daina jin umarni. Ƙari a kan haka, da zarar jiki ya durƙushe ko bayan kujera ya karye, maɗaurin ya yi sako-sako, kai ya isa sitiyarin da ake gudun ya isa.

Abin da yake ba ni haushi shi ne hujjar da ake kawo min kullum: "Ai shekara goma ke nan muna ɗaurawa haka, babu wanda ya dawo da ƙorafi." To, da me zai dawo? Bel ba birki ba ne da ake gwada shi kowace safiya. Sau ɗaya yake aiki a rayuwarsa, cikin ƙiftawar ido, kuma wanda bel ya ci amanarsa ba gareji ake kai shi ba. Haka nan hotunan intanet da ake nuna min, motoci masu sheƙi da jajayen maɗaurai sun gangaro bayan kujera, ba shaida ba ce ta komai sai kyan fenti.

Ƙa'idar da masu ƙera bel ɗin tsere da FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, suke bi ita ce maɗaurin kafaɗa ya tafi baya a kwance, ko ya ɗan gangara da abin da bai wuce digiri 20 ba, a auna daga saman kafaɗar direba yana zaune. Kada kuma ya haura sama, domin a nan ba zai riƙe mutum a kujera ba idan mota ta kife. Ma'anar wannan a motarka ita ce sai an girka bututun ƙarfe a gicciye bayan kujera, daidai tsayin kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan, a haɗe da shasi ko da ƙarfen kariyar kifewa. FIA tana neman bututu marar ɗinki mai faɗin milimita 38 da kaurin 2.5, ko 40 da kaurin 2. Ya kasance kusa da kujera, domin maɗauri yana miƙewa a lokacin karo, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon tazarar da jiki zai ci kafin ya tsaya. Idan naɗa maɗaurin za a yi a jikin bututun, a bi zanen kamfanin wajen zura shi a ƙarfen daidaitawa, a mayar da shi baya karo na ƙarshe, a bar jela ta aƙalla santimita 10, a kuma sa abin da zai hana shi zamewa gefe. Tun da ku biyu ne kuke tuƙi, a auna kowannenku a zaune kafin a taɓa walda.

Inda aka huda sabon rami domin noti, ana neman noti na inci 7/16 ko M12 mai darajar ƙwari 8.8, da farantin ƙarfe a ƙarƙashi mai faɗin aƙalla santimita murabba'i 40 da kaurin milimita 3, kuma kowane mazaunin bel ya iya ɗaukar jan kusan tan ɗaya da rabi. Faiba ba ta shiga wannan lissafi ko da an jera mata washa goma.

Sai maganar maɗauri huɗu, wadda ba ka tambaya ba amma dole in taɓo ta. Idan aka ja maɗauran kafaɗa, suna ɗago makullin bel tare da bel ɗin ƙugu daga kan ƙashi zuwa kan ciki, a lokacin karo kuma mutum ya sulale ta ƙarƙashi, bel ɗin ya nutse cikin hanji da hanta. Maganin wannan shi ne maɗauri na biyar ko na shida da ke ratsa tsakanin cinyoyi ta ramin kujera, ko kuma bel mai huɗu da aka ƙera musamman domin hana sulalewa, irin na ASM na kamfanin Schroth. Bel ɗin ƙugu shi ake fara tamkewa, a kan ƙashi, yana gangarawa baya da kamar digiri 45 zuwa 65, sannan a ja na kafaɗa.

Ka duba kuma ƙarfen kariyar kifewa. Bel ɗin tsere yana riƙe mutum a miƙe, ba ya barin sa ya kwanta gefe, don haka a motar da ba ta da rufi, idan kanka ya fi ƙarfen tsawo, kai ne za ka fara taɓa kwalta. Yawancin Cobra na kwaikwayo a gefen direba kawai suke da shi, fasinja kuwa an ɗaure shi tamau babu komai a bisa kansa. Ɗora sanda daga saman ƙarfen zuwa ƙarfen shasi na gaba, ka tabbatar kai, da hular kwano idan filin tsere za a shiga, yana ƙasa da sandar da kamar santimita 5. A filin tsere kuma a haɗa da na'urar tallafe wuya irin HANS, domin bel mai riƙe ƙirji da ƙarfi kai yake barin ya fizgu shi kaɗai. Karayar gindin ƙoƙon kai ce ta kashe direban tsere ɗan Amurka Dale Earnhardt a tseren Daytona 500 a shekarar 2001, kuma a shekarar ce NASCAR, hukumar da ke shirya wannan tsere, ta wajabta irin wannan na'ura.

Kafin ka kashe kuɗi a walda, juya maɗaurin ka karanta tambarinsa. Na FIA yana da wa'adin shekara biyar, na SFI 16.1, ma'aunin wata ƙungiya ta Amurka, shekara biyu, kuma a buɗaɗɗiyar mota rana tana cin zaren tun kafin ido ya gani. In babu tambari, ko tambarin ya yi kama da na jabu, ko ba ka san tarihin bel ɗin ba, yanka shi da almakashi kada wani ya tsinta. Yawancin bel ɗin tsere ma ba su da izinin hawa titi a ƙasashe da dama, sai ka bincika dokar inda kake.

Idan motar ta yawon ƙarshen mako ce kawai, ni a ganina bel mai maɗauri uku irin wanda Nils Bohlin ya ƙera wa Volvo a 1959, an girka shi daidai da mazaunin sama mai ƙwari, ya fi maka wannan kwalliyar da aka bar maka. Ko wanne ka zaɓa, ka kai ta wurin mai ƙera kejin motocin tsere, ka zauna a kujera ya auna kusurwar a gabanka, sannan ɗanka ya zauna a auna tasa.