Tambaya da Amsa: Allurar soriyasis mai sauƙin kuɗi, ko jabu ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ya shekara shida yana fama da soriyasis, fatar gwiwarsa da gwiwar hannu da ƙeya ta yi kauri tana zubar da ɓawo fari-fari. Man shafawa da ƙwayar methotrexate sun daina yi masa aiki. Likita ya rubuta allurar adalimumab, ya ce mu nemi "bayosimila" don ta fi araha. Anya ba jabu ba ce? Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba shi lafiya. Ba jabu ba ce. Ita adalimumab ba a haɗa ta kamar farasitamol, ƙwayoyin halitta masu rai ake reno su samar da ita, shi ya sa wani kamfani ba zai iya fitar da irinta sak ba. Takwararta yake yi, ita ake kira bayosimila, hukuma ta gwada ta tabbatar aikinsu da illarsu ba su bambanta ba. Ta asali ita ce Humira, takwarorinta irin su Amgevita da Hyrimoz sun shiga kasuwar Turai a 2018. Dukansu sinadarin TNF suke toshewa, wanda ke ingiza garkuwar jiki tana sa fata tara ɓawo. Ki dai duba lambar NAFDAC a kwali.

Ana farawa da miligiram 80, bayan mako guda 40, daga nan 40 duk mako biyu, a ƙarƙashin fatar cinya ko ciki, ana canza wuri, ban da kan tabon. A mako na 16 likita zai duba ko ta karɓe shi.

Abin da ya fi damunmu shi ne tarin fuka. Mutum kan ɗauki ƙwayar cutar tana kwance a jikinsa shekaru ba tari ba zazzaɓi, TNF ɗin nan ne ke danne ta. Da an toshe shi tana iya farkawa. Don Allah kada a soma allurar sai an yi hoton ƙirji da gwajin tarin fuka, da na ciwon hanta nau'in B, da na ƙanjamau. Ga asibitin koyarwa a Shika, ga cibiyar tarin fuka da kuturta a Saye, duk kusa da ku.

Sai batun wuta. Maganin na son firji, digiri 2 zuwa 8, kuma in ya daskare ya lalace, a zubar. Humira kan jure kwana 14 a waje in zafi bai wuce digiri 25 ba, amma ɗakin Zariya a watan Afrilu ya wuce haka nesa ba kusa ba. Ki tanadi kula mai ƙanƙara a ciki, ki sa tsumma tsakaninta da kwalin.

In yana shirin tafiya, kada a yi masa rigakafin cutar shawara sai likitansa ya sani. Tari na mako biyu, gumin dare ko rama, a dakatar da allura a koma asibiti.