Tambayoyinku: Kuɗin Shagunan Masallaci da Haraji

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne ma'ajin kwamitin wani masallacin Juma'a a Tudun Wada. Muna da shaguna shida da muke bayarwa haya, muna kuma biyan liman, ladan da mai gadi alawus duk wata. An ce wuraren ibada ba sa biyan haraji. Mu ma muna ciki?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam Ma'aji. Kuna ciki, amma ba gaba ɗaya ba. Doka tana duba inda kuɗi ya fito ne, ba ta tsaya ga sunan wanda ya karɓa ba. Sadakar Juma'a, zakka da gudummawar gini babu haraji a kansu, haka ma baiko da zakkar coci. Abin da aka samu ta hanyar kasuwanci kuwa ba ya cikin wannan rangwame. Haka tsohuwar dokar harajin kamfanoni ta tanada a sashe na 23, kuma sabuwar dokar harajin da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026 ba ta sauya wannan ƙa'ida ba. Saboda haka ku ɗauki kuɗin hayar shagunanku a matsayin abin da jami'in haraji zai tambaya, ko da kowane kwabo a tabarma da man janareta ya ƙare.

Inda kwamitoci suka fi faɗawa rami shi ne cakuɗa kuɗi. Haya da sadaka a asusu guda, sau da yawa ma da sunan shugaban kwamiti. Ranar da aka zo bincike ba ku da hujjar da za ta raba su, shi kuma mai asusun kuɗin jama'a zai bayyana kamar nasa. In ya rasu kuwa, magada na iya cewa gado ne, kuma ba su yi ƙarya a takarda ba.

Mafita ita ce rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi (CAC) a matsayin amintattu, ƙarƙashin Kashi na F na dokar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAMA, ta 2020. Ana buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Bayan takarda ta fito sai ku karɓi lambar haraji, ku buɗe asusu biyu da sunan masallacin, kowane ɗan haya a ba shi rasit. Rangwame bai ɗauke muku kai bayanin shiga da fitar kuɗi duk shekara ba.

Alawus kuwa kuɗin shigar mutum ne, liman ko fasto. Sai dai naira 800,000 ta farko a shekara babu haraji a kanta, wato kusan naira 67,000 a wata, yawancin ladanai ba su kai nan ba. Wanda ya haura, ku cire harajin ku kai wa hukumar tattara haraji ta jihar Kaduna (KADIRS) zuwa 10 ga watan da ke biye.

TAMBAYA: Ni sakatariyar wani coci ce a Sabon Tasha. Tilasta mana rajista da kai rahoto ba tauye 'yancin addini ba ne?

AMSA: Barka da war haka, 'yar'uwa. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowa 'yancin addini, sashe na 10 kuma ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin nata. Ibadarku ba ta rataya ga rajistar CAC ba. Rajistar ita ce ke ba ku damar mallakar fili da asusu da sunan cocin. A ganinmu neman lissafi ba tauyewa ba ne matuƙar ma'auni ɗaya aka yi wa masallaci da coci. Abin da ya cancanci sa ido shi ne sashe na 839 na CAMA, wanda ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) ta yi tir da shi a 2020, domin ya buɗe ƙofar dakatar da amintattu a naɗa manajan riƙo in an zargi almundahana. Sashen ya ce hukumar CAC ko kashi ɗaya cikin biyar na mambobi na iya kai wannan buƙata gaban kotu, sai dai a 2023 Babbar Kotun Tarayya ta hana amfani da shi a kan coci-coci. Duk da haka ku riƙa karanta wa mambobi lissafi duk shekara, a sa hannu a ajiye.