Alamar naira da rikicin Shift da 3

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce kwamfutarka 'yar gwanjo ce, a kan lamba 3 an zana #, amma kana dannawa da Shift sai £ ta fito, ga shi ka rasa inda alamar naira take. Kwantar da hankalinka, lafiyarta ƙalau. Na daɗe ina buga wa mutane takardu a shago, wannan matsalar kusan kullum sai an kawo min ita.

Kwamfuta ba ruwanta da zanen da ke jikin maɓalli, tsarin da aka saita mata take bi. A tsarin Amurka, Shift da 3 # ce, Shift da 2 kuma @. A na Ingila £ ce ke kan 3, @ kuma ta koma can kusa da Enter. Wato jikin kibod ɗinka na Amurka ne, saitin na Ingila. Riƙe maɓallin Windows ka danna dogon nan na bayar da tazara, za ka ga tsare-tsaren da ke ciki. In na Amurka ba ya nan, ƙara shi a saitin harshe.

Har sunan ma rikici ne. Ba'amurke yakan kira # da sunan fam, alhali ga Baturen Ingila fam ita ce £. Mu kuma muka ɗauko # ɗin muka maƙala mata naira. Ni dai ba na so. Wani ɗan kasuwa ya taɓa sa ni buga masa takardar farashi da #500, wanda aka aika wa a waje ya ɗauka lambar kaya ce, don haka suke karanta ta.

Alamar naira ta gaskiya ita ce ₦, N mai layi biyu a gicciye. A Word ka rubuta 20A6, ka danna Alt da X tare, za ta fito. Wasu N suke rubutawa su sa mata layi biyu da kwalliyar Word. A takarda ta yi kyau, amma kana kwafa zuwa WhatsApp layukan sun ɓace. A waya kuwa, sa Turancin Najeriya a Gboard, wato kibod ɗin waya na Google, ka duba ɓangaren alamomi. In ka ga ɗan akwati a madadinta, salon harafin ne bai san ta ba, canja wani. Inda duk ta ƙi, rubuta NGN, wato gajeren sunan naira a harkar kuɗi, ta wadatar.

Af, fam ɗin nan ma ba baƙuwarmu ba ce. Fam ɗin Najeriya muke kashewa kafin naira ta zo a Janairun 1973, aka canja fam ɗaya a naira biyu, shi ya sa tsofaffinmu ke ce wa naira ashirin fam goma.

Ka gode wa Allah ba kibod ɗin Faransa ka sayo ba, irin wanda ake yawan samu a Maraɗi da Damagaram. Ranar da na fara zama gaban irinsa, A na wurin Q, lambobi ma sai da Shift, na fi minti biyar ina laluben @.