An ce yarona ba shi da gadar ƙwaƙwalwa, akwai maganin da zai tsiro da ita?

Tambaya: Salamu alaikum likita. Yarona ɗan wata bakwai ya fara jijjiga, aka tura mu hoton ƙwaƙwalwa na MRI, sai aka ce wai jijiyar da ke haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa na dama da na hagu babu ita. Wani mai magani ya ce zai tsiro masa da ita cikin kwana arba'in amma sai mun ajiye na asibiti. Wallahi barci ya gagare ni, dan Allah a taimaka min.

Amsa: Wa alaikumus salam maman yaro, Allah ya ba shi lafiya. Kafin komai, kar ki tsayar da maganin jijjigar nan ko na yini ɗaya.

Abin da ba a gani ba a hoton shi ne kofus kalosum, wato babbar gadar da ke haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa biyu, zaren jijiya ne wajen miliyan 200 a babban mutum, kuma tun yaro yana ciki take ginuwa, tsakanin wata na uku zuwa na biyar. Ana samun rashinta a kusan haihuwa 1 cikin 4,000. Amma ba ita kaɗai ke haɗa ɓarin biyu ba, akwai wata 'yar ƙarama can gaba, kamar in babban titi ya toshe motoci su bi ta lungu. A 2013 masu bincike a jami'ar Oxford ta Ingila sun yanke babbar a birai, wanda aka bar masa 'yar ƙaramar, sai ɓarin biyu suka ci gaba da aiki tare kusan kamar da. Shi ya sa wani sai ya girma ya yi aure, ya faɗi a babur aka yi masa hoto sannan a gane ba shi da ita, wani kuma yana samun jinkirin zama da tafiya da magana, ya danganta da ko akwai wata matsalar a ƙwaƙwalwar bayan wannan.

To batun mai maganin nan shi ne abin da ke ƙona min rai. Babu wani sassaƙe, babu allura, babu kwalbar da ake talla a Facebook da zai tsiro da wannan gada bayan haihuwa, mu ma a asibiti ba mu da shi. An ƙirga a wani nau'in biri a 1990, jinjiri yana da zare wajen miliyan 188 a wannan gadar, babba kuma miliyan 56 kacal, wato bayan haihuwa rage zaren ƙwaƙwalwa take yi ba ƙari ba. Zaren da suka kasa tsallakawa sau da yawa sun riga sun miƙe gaba da baya a ɓarinsu, a hoto ma ana ganinsu, da me zai juyo da su? Kuɗinki kawai zai ci, kuma da a kuɗin ya tsaya da sauƙi, amma ya ce a ajiye magani! Yanke maganin jijjiga farat ɗaya shi ke jawo wadda ba ta tsayawa, mu ake kawo wa yaran tsakar dare jiki ya saki, an tura cokali a baki an fasa dasashi, an turara hayaƙi a ɗakin da ba taga, an ɗura ruwa yana cikin jijjigar ya wuce huhu, shi kuma mai maganin ya kashe waya. Ku ji tsoron Allah a kan yaran mutane. Addu'a ki yi ta yi, ba ta hana shan magani ba.

In jijjigar ta tashi ki kwantar da shi ta gefe, kar a sa komai a bakinsa, ki duba agogo, in ta kai minti biyar sai asibiti. Kuma a watanninsa ɗin nan, in kika ga yana zabura yana dunƙulewa jere-jere musamman in ya tashi daga barci, ki ɗauki bidiyo a waya ki kai wa likitan yara ba tare da ɓata lokaci ba, ki roƙi a yi masa gwajin EEG, wato awon lantarkin ƙwaƙwalwa, a kuma haɗa ku da masu gashin ƙashi tun yanzu.