Ga ƙanwarmu nas mai rubuta waƙa da ke son zuwa Ingila

Ƙanwarmu, kin tambaya ko nas da ta yi karatun jinya a Kano za ta iya aiki a Ingila ba tare da ta ajiye alƙalamin waƙa ba. Za ta iya, amma sai ta fara samun rajistar NMC, hukumar da ke ba nas izinin aiki a nan Ingila.

Turanci ne matakin farko, za ki zaɓi ɗaya cikin jarrabawa biyu: IELTS ko OET. A IELTS ana son maki 7 a karatu da saurare da magana, 6.5 a rubutu. A OET kuma B uku, da C+ a rubutu. Abin mamaki, masu baiwar alƙalami kan yi tuntuɓe a rubutun nan, saboda son kwalliyar zance. OET wasiƙa yake so, kalmomi 180 zuwa 200 cikin minti 45: me ke damun majinyaci, me aka yi masa, me ake so wanda za a miƙa wa shi ya yi. Ki bar azanci a gida ranar.

Daga nan sai jarrabawar kwamfuta ta CBT, wadda za ki iya yi a Najeriya: tambayoyi 15 na lissafin magani, 100 na aikin jinya. OSCE kuwa, jarrabawar gwada aikin jinya a aikace, a nan ake yin ta, tashoshin gwaji 10 ne. Najeriya da Nijar suna cikin jerin ƙasashen da aka hana a je a kwaso ma'aikatan lafiyarsu, amma ba a hana ki neman aiki da kanki a NHS Jobs, shafin guraben aikin asibitocin gwamnati, ba. Dillalin da ya ce ki biya shi ya samo miki gurbi, ki yi nesa da shi.

To, ina lokacin waƙa? Awa 37.5 ake yi a mako, galibi duti uku masu tsawo, da na huɗu sau ɗaya a wata. A takarda kwana huɗu naki ne. A zahiri, ranar da kika sauka daga dutin dare ta barci ce, kuma idan buƙatun gida suka taso za ki fara karɓar ƙarin duti har kwanakin su ƙare. Ki ware safiya ɗaya a mako, kada ki sayar da ita. Baiti in ya zo miki a mota, ki rera shi a waya nan take, domin kari ya fi kalmomi saurin gudu daga ƙwaƙwalwar wadda ta gaji.

Inda muke so ki buɗe kunne sosai shi ne sirrin majinyaci. Tsohon da ya riƙe hannunki da asuba, uwar da ke kwana kan kujera gefen ɗanta mai sikila, duk za su nemi shiga waƙarki. Dokar NMC ta wajabta kare sirrinsu, kuma saɓa mata na iya kai mutum ga rasa rajista. Canza suna kaɗai bai isa ba. Hausawan Manchester ko Birmingham sun san juna, in kin faɗi ciwo da shekaru da unguwa kin gama faɗin suna. Ki canza jinsi da ciwo da gari, ko ki juya waƙar kan abin da ke kika ji a ranki. Kada kuma ki ce ai da Hausa na rubuta, ba za su gane ba. Facebook na fassarawa da latsawa ɗaya. Bidiyon rera waƙa cikin kayan aiki a ɗakin marasa lafiya kuwa, ko kusa.

Akwai waɗanda suka haɗa biyun. Romalyn Ante, wadda ta zo daga Filifin tana da shekara 16, nas ce kuma ta fitar da kundin waƙoƙinta a 2020. Gasar Hippocrates ta waƙa da harkar lafiya tana da rukuni na ma'aikatan lafiya, sai dai da Turanci ake shiga. Masu sauraron waƙar Hausa a gida suke da kuma intanet.

Idan aka fara biyan ki don rerawa a taro, ki tuna bizarki ta iyakance aikin gefe zuwa awa 20 a mako, kuma ba kowane irin aiki ta yarda da shi ba, don haka ki duba sharuɗɗan kafin ki karɓa. Kuɗin da ya haura fam 1,000 a shekara sai kin sanar da HMRC, masu karɓar haraji.