Amsa kan koyon ƙaramar algaitar jaka ta Sikotland da shirin fitar da faifai

Ɗan'uwa, ka ce ka iya babbar algaitar jaka ta Highland, wato yankin tsaunukan Sikotland, kana tambaya ko ƙaramar za ta yi maka wuya, da kuma wadda ta dace da faifan gargajiya.

Yatsunka ba za su sha wahala ba, tsarin ramukan ɗaya ne, sautuka tara ne a duka biyun. Wahalar tana gwiwar hannu. Yawancin ƙananan ba da baki ake hura su ba, zugazugi ake ɗaurawa a gwiwar hannun dama, jakar kuma tana ƙarƙashin hagu. Ka fara da riƙe sauti ɗaya tsawon lokaci ba tare da ya yi rawa ba, kafin ka taɓa kowace waƙa. Masu zuwa daga babbar sukan matse jakar da ƙarfi fiye da kima, sai sautin ya ɓaci.

Don faifai, ni dai zan ce ka nemi ƙaramar da aka saita a kan matakin sautin da ake kira A. Tana tafiya daidai da goge da jita, abin da babbar ke wahalar yi saboda sautinta ya haura sosai. Muryarta kuma a hankali take, ɗaki ma ya ishe ka ɗauka.

Wajen zaɓen waƙoƙi, ka leƙa kundin kiɗa da wani mai suna William Dixon ya rubuta da hannu a 1733, akwai tsofaffin kaɗe-kaɗen yankin iyakar Sikotland da Ingila. Amma ka bincika kowace waƙar da ka samo a wani wurin: da yawa da ake ɗauka na gargajiya ne, mawallafansu na zamanin nan ne, sai da izini za ka saka su.