Hukuncin kai iyali wurin shaƙatawa na Universal Studios

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ɗana zai kammala karatu a jihar Kaliforniya ta Amurka, za mu je bikin da mahaifiyarsa da ƙannensa. Ya ce zai kai mu Universal Studios. Wani aminina ya ce gidan 'yan fim ne, shigarsa haramun ce, har ma da sashen tsafi a ciki. Mece ce gaskiyar magana?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa wa karatun yaro albarka.

Malaman usulu suna cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi, don haka bari mu fara da wurin. Carl Laemmle, shugaban kamfanin fim na Universal, shi ne ya buɗe shi ranar 15 ga Maris, 1915, a gefen birnin Los Anjalis, a matsayin masana'antar shirya fim. Mutane kan biya santi 25 su zauna su kalli yadda ake ɗauka. Da aka fara fim mai magana sai hayaniyar 'yan kallo ta zama matsala, aka rufe ƙofa wajen 1930. A 1964 aka sake buɗewa da zagaye a mota mai taragu, daga nan wurin ya yi ta girma har ya zama filin wasanni mai sashe biyu, na kan tudu da na gangare, da doguwar matakala mai tafiya da kanta a tsakaninsu.

Asalin shaƙatawa halal ne. A cikin Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya tsaya yana kare Nana A'isha tana kallon Habashawa suna wasa da mashi a masallaci, har sai da ta gaji don kanta. Ya kuma ce wa sahabinsa Hanzala: lokaci ga wannan, lokaci ga wancan, wato lokaci ga ibada, lokaci ga iyali da harkokin duniya. Saboda haka ba za mu haramta ƙofar gaba ɗaya ba. Tikiti ɗaya ne amma abubuwan ciki iri-iri ne, kowanne da hukuncinsa.

Zagayen motar nan, mai ɗaukar kusan awa guda, ba shi da laifi. Za a bi da ku ta titunan da gabansu kawai aka gina, bayan kuwa katako ne da ƙarfe. Za a sako ambaliya daga tankuna, a girgiza motar kamar ana girgizar ƙasa, kifin roba ya yunƙuro daga tafki. Duk wannan aikin famfo ne da injin da haske, kuma mai jagora yana faɗa muku haka da bakinsa. Sihirin da aya ta 102 a Suratul Baƙara ta yi magana a kai ya ƙunshi neman taimakon shaiɗanu, ko rufa ido da ake da'awar gaskiya ne. Wanda ya nuna maka yadda dabararsa take aiki bai yi maka sihiri ba. Ni ina ma ganin amfaninsa ga yara: wanda ya ga bangon katakon da idonsa ba zai ƙara ɗaukar duk abin da ya gani a talabijin gaskiya ba.

Jiragen lilo masu gudu a kan dogo su ma halal ne, da sharaɗin aminci daga cuta. A ƙofar kowanne akwai gargaɗi ga mai juna biyu, mai hawan jini, mai ciwon zuciya, baya ko wuya. Wanda gargaɗin ya shafa ya yi biris ya hau, ya saɓa wa hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Akwai kuma ma'aunin tsawo: wasu sai yaro ya kai santimita 107, wasu 122. Cusa wa yaro takarda a takalmi don ya kai ma'auni ha'inci ne, kuma ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera ba a yi shi don wanda bai kai ba. Kwalekwalen da ke gangarowa daga tsayin kusan mita 25 yana jiƙa mutane sharkaf. Ruwan ba ya karya alwala, amma yana manna tufa a jiki, don haka mata su saka rigar leda ko su haƙura da shi.

Sashen da amininka yake nufi shi ne na Harry Potter, fim ɗin wani yaro mai koyon tsafi, an buɗe sashen a 2016. Sandunan da ake sayarwa a can na'ura ce: kyamara a ɓoye tana gane motsin kan sandar sai ta kunna abin da ke bayan gilashi. Babu aljani a ciki, ba kuma za mu kafirta wanda ya shiga ba. Sai dai an gina sashen ne a kan ƙawata matsafi da koya wa yaro furta kalmomin surkulle yana nishaɗi, alhali sihiri yana cikin zunubai bakwai masu halakarwa. Abin da nake rinjayarwa shi ne wucewa ta wurin makaruhi ne, saya wa yaro sandar da sa shi kwaikwayon surkullen kuwa bai halatta ba, don toshe ƙofar ɓarna. Dararen Halowin (bikin shigar ban tsoro) da ake yi a Satumba da Oktoba, da tikitinsu daban, kada ku je: siffofin gawawwaki da shaiɗanu ne da firgita mutane. Haka rumfunan da ake biyan kuɗi a yi jifa a ci kyauta ko a tashi a tutar babu, wannan caca ce.

Ana sayar da giya da naman alade a wurin. Kada ku zauna teburin da ake shan giya, hadisi ya hana. Kifi da ganye sun fi kwanciyar rai. Kiɗa da shigar banza ba za ku iya kauce musu duka ba. Abin da ya faɗo kunne ko ido ba da nufi ba ba a kama mutum da shi, amma tsayawa kallo zaɓi ne. Mutum-mutumi cikakke na mai rai haramun ne a wurin Malikawa, ban da 'yar tsanar yara, don haka kada ku sayo na ado ku kai gida.

Abin da ya fi salwanta a irin wannan rana salla ce. Layi ɗaya yakan ci sama da awa, a fito a shiga wani, sai a farga rana ta yi ja. Ku shiga da alwala da ƙaramar darduma, ku duba lokutan sallar garin tun da safe, kada ku shiga layi idan saura kaɗan lokaci ya fita. Ofishin kula da baƙi yana kusa da ƙofar shiga, ku nemi su nuna muku wurin da ba hayaniya. Alƙibla daga Los Anjalis tana arewa maso gabas, kusan digiri 24 daga arewa, ba gabas ba kamar yadda aka saba a gida. Idan kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a garin, cika salla za ku yi a mazhabar Malik, ba ƙasaru ba.

Kuɗin shiga ba kaɗan ba ne. Idan da bashi a wuyanka wanda lokacinsa ya yi, ko zakkar da ba ka fitar ba, su ne a gaba. In babu, kuma za ku kiyaye abin da aka ambata, ku je.

Wallahu a'alam.